Wa Ya Shaide Shi Kafin Ya Hau?

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Wannan takarda daga mahaifiyarka ce, Asabe mai daddawa ta Kekun Waje, zuwa gare ka ɗana Tukur a Gusau. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da so da yarda da kewa. Ina roƙon Allah ya sa ta same ka cikin lafiya, ya tsare ka a zaune da tsaye, ya haɗa ka da abokan zama na gari a wannan gari da ba ka da kowa.

Malam Isa maƙwabcinmu, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, shi ke rubuta mini. Na ce ya sa magana yadda ta fito daga bakina, ya ce alƙalaminsa Hausar makaranta ya iya. To, idan ka ji wata kalma ba irin tawa ba, tasa ce. Amma abin da ke ciki nawa ne.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ka ba. Kowa yana nan yadda ka bar shi. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya tun ranar da muka raka ka bakin hanya. Kana jiran mota kana gaya wa mutane aikin da ka samu, cewa an sa ka helima, wato shugaban lebura, a kan masu rage rassan itatuwan titi, madaci da dogon yaro da suka fara taɓa wayar tangaraho da rufin mutane, kuma kai ne za ka riƙa ɗaukar masu hawa. Ka ce ofishin daji ya ce kada a ɗauki kowa sai mai takardar shaida, wanda malaman daji suka gwada shi suka ga ya iya. Sai ka yi dariya ka ce, "Inna, takarda ai ba ta hawan icce." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi, don ba na son in sallame ka da ɓacin rai. Amma da na dawo gida ko fura ban iya sha ba.

Ka san abin da ya faru a gidanmu, amma a gutsuttsure ka san shi, don kana ƙarami a lokacin. Yau zan jera maka shi daga farko, ka ji inda na yi kuskure, don kada ka bi sawuna.

Da mahaifinka ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ɗorawoyin gonar bakin rafi. Da su nake samun kalwar da nake daddawa, da daddawa nake ciyar da ku. Duk zamansa bai taɓa barin wani ya hau masa itace ba sai Baba Labbo, ko wanda Baba Labbo ya sallama. Kai ka san shi ne da tsufa, yana zaune yana tuƙa igiya. A wancan lokacin shi ne babban mai hawa na ƙasar nan tun daga mu har Bunguɗu. Idan ya gama koyar da mutum, sai ya kai shi kasuwa gaban jama'a, ya miƙa masa igiya da maƙata, sandar nan mai ƙugiya da ake fizgo ɗorawa da ita, ya ce, "Wanga na sallame shi. In ya yi ɓarna ku zo gare ni." Daga ranar kowa ya san ana iya ba wannan mutum itace.

Ni kuwa Baba Labbo haushi yake ba ni, don ba ya sauri. Zai zo gindin itace ya yi ta zagaye kamar mai neman allura. Ya buga jikinsa da ƙeyar gatari ya kara kunne. Ya duba tururuwa ina suke shiga, ina suke fita. Ya zauna ya bi igiyarsa taƙi bayan taƙi da yatsa. Kafin ya ɗaga ƙafa hantsi ya yi.

Bazarar da na fita takaba ɗorawa ta yi 'ya'ya irin wanda ban taɓa gani ba, sai kuma hadari ya fara haɗuwa da wuri. Ka san idan ruwa ya doki ɗorawa bayan ta nuna, garinta ya lalace, wahalar shekara ta tafi. Baba Labbo ya sauke mini ƙananan itatuwan duka. Da muka iso babbar, wadda ke kan gaɓa, ya buga ta, ya sake bugawa, ya ja da baya.

Ya ce, "Asabe, ban hawan wagga."

Na ce, "Baba, ita ce fa rabin abin da nake da shi."

Ya ce, "Na sani. Cikinta babu komi, gara ta cinye. Abin da maƙata ta kai daga ƙasa in ɗebo miki. Sauran ki bar ma jemage."

Na ce masa ai ganyenta shar, ai ga 'ya'ya har suna rinjayar rassa. Ya ce mai ciwon ciki ma yana sa sabuwar riga. Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce da mahaifinku yana da rai da ba a ce masa a bar wa jemage ba, don an ga ni mace ce shi ya sa. Ya naɗe igiyarsa ya rataya, ya yi mini sai an jima.

Ranar kasuwar Bunguɗu ina zaune da tallata ina ba wata mai sayar da kalwa labari, sai wani dogon mutum da ke tsugune kusa ya matso. Ya ce sunansa Bawa, daga wani ƙauye bayan duwatsun Tsafe, cin rani ya fito. Ya ce, "Uwar ɗaki, in dai hawa ne kin samu. Ni ko biri in ya gan ni shina gaishe ni." Na yi dariya. Abu biyu na tambaye shi, yaushe zai zo da kuma ladansa. Mai kalwar nan ta taɓa ni ta ce a hankali, "Asabe, wa ya san shi?" Na ce mata hadari ba ya jiran a san mutum.

Washegari da safe ya zo. Ba igiya, ba gatari, sai maƙatar da na ara masa. Bai zagaya ɗorawar ba, bai taɓa jikinta ba. Ya tuɓe riga ya kama ya hau. Kuma Tukur, ka ji wannan da kyau, ya iya hawa. Wallahi kamar ƙadangare. Kafin in shimfiɗa tabarma yana can sama. Ɗorawa ta fara zubowa, ni da matan da na gayyato muna ta tsinta muna tarawa, zuciyata fal da murna. Har na fara shirya maganar da zan gaya wa Baba Labbo idan mun haɗu.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an taka busasshen kara. Na ɗaga kai na ga reshe mai kaurin turmi yana rabuwa da uwarsa, garin gara yana zuba daga cikinsa kamar ana tankaɗe. Bawa ya sauko tare da shi, bayansa ya daki saiwa.

Muka ruga. Idonsa biyu, yana numfashi, ko jini babu. Na ce alhamdu lillahi. Sai ya dube ni ya ce, "Uwar ɗaki, a janye mini reshen nan daga kan ƙafafuna, ya danne ni." Muka dubi juna. Reshen yana can gefe. Babu abin da ke kan ƙafafunsa.

A kan gadon kara maza suka ɗauko shi zuwa zaurenmu. Mai ɗori ya zo ya lalube shi daga wuya har ƙugu, ya tsunkule shi a cinya bai ji ba. Ya fito waje ya ce mini hannu da ƙafa yake ɗorawa, wannan sai Allah. Nan Bawa ya yi damina a kwance. Yayanka da maƙwabta ke juya shi suna gyara shi, ni ina dama masa kunu. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya, warin har cikin gida. Mutumin da ya shigo garin nan yana ba mutane dariya ya koma ƙashi da ido.

Wata rana na kai masa kunu na tsaya daga bakin ƙofa, sai ya ce, "Uwar ɗaki, ni fa ban taɓa hawan abin da ya wuce mangwaro da kanya ba. Hatsinmu ne ya ƙare tun kahin rani ya raba."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Ba ki tambaya ba. Da kin ce wa ya koya maka, da ban da sunan da zan kira. Da na tashi na ba ki wuri."

Matarsa ta zo daga baya, a ƙasa tun daga Tsafe, da goyo. Na shirya jin zagi, har na so ta zage ni. Ba ta yi ba. Ta zauna kusa da shi ta daɗe tana kore masa ƙuda, sannan ta juyo ta ce, "Inna, kin san shi kahin ki sa shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Bawa ya rasu gero yana fitar da kai. Dattawan gari suka ce ƙaddara ce, shi ya kawo kansa, ba ni da laifi. Na yarda ƙaddara ce. Amma ni na san tambayar da ban yi ba.

Saboda haka ɗana, duk wanda ya zo gabanka ya ce ya iya, kada ka tsaya ga bakinsa. Mutum ba ya zama shaidar kansa. Ba don mutane mugaye ba ne. Yunwa ce, ita ke sa mutum ya ce ya iya abin da bai iya ba, kuma a lokacin da yake faɗa har ransa ya yarda. A nan Kekun Waje da na so, da na aika an tambayi Baba Labbo ko ya san wani Bawa, magana ta ƙare. Kai a Gusau wa za ka tambaya? Jirgin ƙasa yana zubo mutane daga kowace kusurwa, kowa baƙo, kowa da cikinsa da iyalinsa. Takardar nan da ka yi wa dariya ita ce ta tsaya a madadin tsohon da ke cewa "wanga na sallame shi". Gaskiyarka, ba ta hawan itace. Amma tana gaya maka wani wanda ya san aikin ya tsaya a gindi ya kalli mutumin nan ya hau ya sauko, ya ga ɗaurin igiyarsa, ya yarda ya sa hannunsa a kai. Idan ka mayar da marar ita, zai tafi yana jin haushinka, amma da ƙafafunsa zai tafi.

Ka ce bayan wannan na yi hankali? Ban yi ba. Abin da ya kamata shi ne in je in durƙusa gaban Baba Labbo in ce na tuba. Girman kai ya hana ni. Maimakon haka sai tsoron itace ya kama ni. Ka tuna an gaya maka akwai tsamiya a tsakar gidanmu, inda yanzu muke ɗaure awaki? Kakanka ya tarar da ita, a inuwarta mahaifinka ke hutawa idan ya dawo gona. Wani reshenta ya miƙo ta saman ɗakin da kuke kwana. Duk iskar da ta kaɗa sai in ji ƙarar nan ta busasshen kara. Na ce sai an sare shi.

Na kira yayana, kawunka Ɗanjuma. Na ce a raina wannan ai na san shi, ciki ɗaya muka fito, kuma duk garin nan ba wanda ya kai shi ƙarfin sara. Ya zo da gatarinsa na sassabe yana cewa, "Wanga ɗan aiki ne za ki kira Labbo? Kauce ki gani." Ya hau ya zauna a kan reshen ya yi ta sara daga sama. Bai ɗaure shi da igiya ba, bai rage ƙananan rassan ba, bai fara yi masa tsaga daga ƙasa ba kamar yadda daga baya na ga masu aikin suna yi. Da reshen ya kai rabi sai nauyinsa ya rinjaye shi. Bai faɗi inda aka so ba. Ya yage, ya ɓare ɓawon uwar tun daga sama har kusan ƙasa, ya juya ya sauka a kan rumbu. Kawunka ya rungume wani reshe yana salati, Allah ya tsare shi. Rumbun ya dare biyu, hatsi ya zube cikin caɓi, don an yi ruwa a jajiberin ranar. Abin da muka tsince muka shanya bai kai mu ko'ina ba. A shekarar nan ne kuka ci tuwon dusa da tafasa, idan kana iya tunawa.

Tsamiyar kuwa ba ta mutu nan take ba. Ruwa ya riƙa shiga ta wajen raunin, ɓangaren ya yi baƙi, ya ruɓe, rassa suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka yi shekaru kafin ta ƙarasa. Ina kallonta kullum ina daka a rana.

To ka ga, hawa daban, sara daban, kuma ƙarfi ba shi ne sani ba. Sanin mutum ma ba shi ne sanin aikinsa ba. Na san kawunka tun yana yawo ba wando, amma ban taɓa ganin ya rage reshe a saman ɗaki ba, kuma ban tsaya na tuna da haka ba. Itatuwan da aka ba ka amana a Gusau wasu ne suka dasa, suka yi musu ban ruwa da tulu, yawancinsu ba su zauna a inuwar ba. A ƙarƙashinsu akwai masu talla da masu wucewa da rufin mutane. Mai mugun sara yana karɓar ladansa ya tafi, itace ya yi ta mutuwa a bayansa a hankali, ba wanda zai tuna sunansa. Naka za a tuna.

Yanzu na zo inda bakina ke nauyi. Na ce wa Malam Isa ya ajiye alƙalami na sha ruwa tukuna.

Yayanka, babban ɗana wanda ba na kiran sunansa, shi ya fi kowa jinyar Bawa. Bayan an binne shi sai ya ce yana son ya bi Baba Labbo ya koyi aikin yadda ake yinsa, don kada mu sake neman baƙo. Tsohon nan ya karɓe shi, ko da yake ni har lokacin ban ba shi haƙuri ba. Yayanka ya yi shekaru yana binsa. Ya iya buga itace ya ji cikinsa. Ya iya ɗauri. Mutane suka fara cewa ya fi maigidansa sauri. Amma kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci, ba a kai shi gaban jama'a ba.

Na tare Baba Labbo a hanya na ce, "Baba, yaron nan fa?"

Ya ce, "Da saura."

Na ce, "Saura me?"

Ya ce, "Bai san tsoro ba tukuna. Kuma akwai abin da ban nuna mai ba. Ki yi haƙuri, Asabe. Ba a cire tuwo daga wuta don yara na kuka."

Na tafi ina gunaguni cewa tsoho ya samu mai ɗaukar masa igiya kyauta, shi ya sa ba ya son ya sake shi.

Bazara ta zo, ɗorawa ta nuna, Baba Labbo ya kwanta da ciwon ƙirji. Sauran waɗanda ya sallama duk an riga ni kama su. Gabas ta fara yin baƙi da yamma. Na sami yayanka a zaure na ce gobe ya sauke mana ɗorawa.

Ya ce, "Inna, Baba bai sallame ni ba."

Na ce, "Shekara nawa kana bin sa? Itacen ubanka ne fa, ba na wani ba."

Ya ce, "Bari in je in tambaye shi, in ya ce in hau sai in hau."

Sai na ce, "Ni na haife ka ko Labbo?"

Ya sunkuyar da kai. Ka san shi, bai taɓa musa mini ba.

Da safe ya yi duk abin da aka koya masa. Ya zagaya, ya buga, ya saurara, ɗorawar lafiyarta lau. Ya bi igiyarsa da yatsa. Ya hau a natse ya ɗaure kansa a jikin babban reshe. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina, ga shi nan, me ya rage? Ya yi nisa da aiki, ya miƙa maƙata can cikin wani rassa masu duhu, ashe zuma ta yi gida a wurin, ba a ganinta daga ƙasa. Suka taso masa gaba ɗaya. Na ga kansa ya yi baƙi da su. Yana ihu yana kaɗe fuska, igiyar ta riƙe shi wuri ɗaya ba ya iya matsawa. Sai ya sa hannu ya kwance ta.

Sauran ka sani, kana ganinsa kullum. Ƙugu ya karye, mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙafar ta warke a gajarce ta shanye. Mutanen yarinyar da yake nema a Magami suka aiko da haƙuri. Mutumin da ke hawan rimi yanzu sai da sanda yake zuwa masallaci.

Baba Labbo ya sa aka ɗora shi a jaki aka kawo shi, yana tari. Ya zauna kusa da yayanka ya riƙe hannunsa, ya tambayi yadda aka yi. Da aka gaya masa sai ya rufe ido. Ya ce, "Abin da ya rage ke nan. Yadda ake gane zuma tun daga ƙasa da sassafe, da yadda ake mata hayaƙi, da yadda mutum ke rufe fuska ya zamo ƙasa bisa igiya ba ya kwance ta ba. Na bari sai bana in nuna mai, don sai mutum ya natsu ake kai shi gare su." Ya juyo ya dube ni. Na jira. Sai ya ce, "Sannu, Asabe." Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini komai a kai ba. Shi ma yayanka haka. Da ɗayansu ya buɗe baki ya faɗa mini, da wataƙila abin ya fi mini sauƙi.

Ka ga inda na sake faɗawa? Na ɗauka na koyi darasi daga Bawa. Wannan karon ai na san wanda ya koya masa, na ga yana yi da idona. Ashe "ina koyo wurin wane" daban, "wane ya sallame ni" daban. Abin da ya rage wa mai koyo shi kansa bai san shi ba, balle ni da ke tsaye a ƙasa. Malaminsa kaɗai ya sani. Shi ya sa ake ba da shaida a ƙarshe ba a tsakiya ba. Masu neman aiki za su zo maka, wani ya ce ya yi shekaru yana bin mai takarda, wani ya ce an gwada shi saura kaɗan. Ka ce ya je ya ƙarasa kaɗan ɗin ya dawo.

Kuma ka kiyayi bakinka. Bakin helima yana da nauyi a kan lebura kamar yadda bakin uwa ke da nauyi a kan ɗa. Idan mai hawa ya dubi itace ya ce yau ba ya hawa, kada ka ce masa rago, kada ka nuna masa wani zai maye gurbinsa. Zai hau don kada ya rasa abincinsa, kai kuma kana ƙasa ba abin da zai same ka. Na sama da kai za su matsa maka, su ce wani babba zai wuce, a gama titi kafin jibi. Ka ba su haƙuri da ladabi, ka sake ba su. Faɗan maigida yana wucewa.

Ban ce ka ga takarda ka rufe ido ba. Ana iya aron riga, ana iya aron takarda. Idan mutum ya nuna maka ita, ka kai shi gindin itace ka ja baya ka yi shiru. Ka ga ko zai zagaya, ko zai ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ko zai duba igiyarsa. Wanda ya tuɓe riga ya kama hawa don ya burge ka, ka kira shi ya sauko. Kai ma kanka ka je wurin malaman dajin nan ka ce su koya maka su gwada ka, ko da ba kai za ka riƙa hawa ba. Ba ka iya tsaron abin da ba ka sani ba. Kada ka ji kunyar zama ɗalibi don an kira ka helima.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa ban jira ka zo hutu ba. Kawunka Ɗanjuma ya zo mini shekaranjiya. Ya ji kai ke ɗaukar mutane. Yana son ka ɗauki ɗansa Sanda cikin masu hawa. Ka san Sanda ya yi aure bara, matarsa tana da ciki, gonarsu kuma ba ta yi ba. Na ce Sanda wa ya gwada shi? Ya ce, "Wane irin gwaji? Yaron da ke hawan kuka tun shina ƙarami? Ke dai ki sa baki, ɗanki ba ya ƙin maganarki."

Na ce, "Yaya, saboda ba ya ƙin maganata ne ba zan sa ba."

Ya ce ashe haka zumunci ya koma, ɗana ya shiga birni na fara zaɓen dangi. Ya ce lokacin da ba ni da kowa wa ke zuwa mini? Gaskiyarsa ne, shi ke zuwa. Ya tashi ya kaɗe riga, ya bar furar da na dama masa. Jiya mun haɗu a hanyar rijiya ya kau da kai.

An gaya mini duk da haka zai sa Sanda a mota ranar Juma'a, kuma zai ce masa ya gaya maka ni na aiko shi. Ban aiko shi ba. Idan ya iso ka karɓe shi hannu biyu, ɗan'uwanka ne. Ka ba shi wurin kwana, ku ci tare. Ka kai shi da kanka inda ake gwaji. In ya ci, ka ɗauke shi ka gode Allah. In bai ci ba, ka ba shi aikin ƙasa, ya ja igiya ya kwashe rassa har ya koya, ko da ladan bai kai ba, ko da zai yi fushi ya dawo gida ya ce ka wulaƙanta shi. Duk abin da kawunka zai faɗa ya faɗa a kaina, ni ce kusa, kuma na saba. Amma kada ka bar ɗan yayana ya ɗaga ƙafa daga ƙasa don kunyata. Na tsaya a gindin itace an ɗauki mutum biyu a gabana, Tukur. Ba ni da sauran ƙarfin da zan je in yi wa matar Sanda bayani.

Yayanka yana gaishe ka. Malam Isa yana gaishe ka, ya ce hannunsa ya gaji. Allah ya tsare ka, ya tsare duk wanda zai hau itace da umarninka, ya sauko da su lafiya su koma ga iyalinsu. Allah ya ba ka haƙurin jira da ƙarfin cewa a'a. Ya jiƙan mahaifinka da Baba Labbo da Bawa, ya yafe mini. Ka riƙe salla, ka ci abinci. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Asabe.